Ƙafafun da Ke Mutuwa da Asuba Su Farfaɗo da La'asar: Amsa Kan Tiroyid da Fotasiyom

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ƙanena ɗan shekara 27 ne, magini ne a nan Damagaram. Sau uku ke nan cikin wata biyu yana farkawa da asuba ya kasa ɗaga ƙafafunsa, yana cikin hayyacinsa yana magana, kafin la'asar kuma sai ya miƙe kamar ba shi ba. A gida wasu sun ce iska ce, wasu sun ce jifa. A karo na uku muka kai shi asibiti, aka ce fotasiyom ɗin jininsa ya sauka zuwa 2,1, daga baya kuma aka ce tiroyid ɗinsa na aiki fiye da kima. Me ya haɗa wuya da ƙafa, alhali ba shi da maƙoƙo? Zai shanye ne har abada? Mu saya masa fotasiyom ya riƙa sha? Zai iya ci gaba da aikinsa, kuma zai iya azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da shi. Zan fara da abin da ya fi damunka. Bisa ga bayanin da ka yi da sakamakon gwajin da ka ambata, wannan ba irin shanyewar da ke zama wa mutum har ƙarshen rayuwa ba ce. Lakarsa lafiya lau take, jijiyoyinsa ba su mutu ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta taɓu ba, kuma idan aka daidaita aikin tiroyid ɗinsa, wannan faɗuwa da yake yi tana ɗaukewa gaba ɗaya. Amma ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, domin a nan ne iyalai ke yin sakaci: a cikin sa'o'in da yake kwance bai iya motsi, zuciyarsa tana cikin haɗari na gaske, kuma miƙewar da ya yi da kansa sau biyu ba ta ba da tabbacin cewa zai miƙe a karo na gaba ba. Likitan da ya duba shi da hannunsa shi ke da maganar ƙarshe a kan magani da adadinsa. Nawa bayani ne, domin ku fahimci dalilin kowane umarni da zai ba ku.

Tiroyid wata ƙaramar halitta ce a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, nauyinta a jikin baligi giram 15 zuwa 25 ne, kuma ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗauki iyod da ke cikin abinci ta sarrafa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da saurin bugun zuciya, da ɗumin jiki. Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake turo mata umarni ta hanyar wani sinadari mai suna TSH, shi ya sa idan ka duba takardar gwajinsa za ka ga TSH ya faɗi ƙasa warwas, T4 kuma ya haura: ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarni domin ta ga kayan sun yi yawa, tiroyid kuma ta ƙi tsayawa. Girman tiroyid dabam, yawan aikinta dabam. Akwai matan da suka shekara ashirin da babban maƙoƙo saboda ƙarancin iyod, aikin tiroyid ɗinsu kuwa daidai yake ko ma ya gaza, akwai kuma saurayin da wuyansa sumul yake amma sinadarin ya cika masa jini. Mafi yawan lokaci abin da ke jawo wannan ga matashi shi ne garkuwar jikinsa ta ƙera wasu sinadarai masu zuga tiroyid ba dare ba rana. Wannan ciwo shi ne likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci ke rubutawa da sunan Basedow, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1840, a ƙasashen da ke aiki da Turanci kuma suna kiransa da sunan Graves, likitan Dublin da ya yi bayaninsa a 1835.

Idan ka waiwaya watannin baya, ina kyautata zaton za ka tuna wasu abubuwa da kuka gani ba ku ɗauke su da muhimmanci ba. Yana cin abinci sosai amma yana ramewa, gumi na keto masa ko da sanyin safiya, hannunsa na ɗan rawa idan ya miƙa kofin shayi, gabansa na faɗuwa, barci ya yi masa wuya, ya zama mai saurin fushi, wataƙila kuma yana yawan zagayawa. A wasu har idanu kan firfito. Sai dai masu irin ciwon ƙanenka sau da yawa alamomin nan kaɗan ne a jikinsu, kuma magini da ke wuni a rana yana ɗaukar bulo da siminti, kowa zai ce aiki ne ya ramar da shi, zafi ne ya sa shi gumi. Shi ya sa a wurin mutane da yawa mutuwar ƙafa ce alama ta farko da ke kai su gaban likita.

Yanzu ga haɗin wuya da ƙafa, kuma a nan zan daɗe, domin duk sauran bayanin a kansa ya ginu. Fotasiyom gishiri ne na jiki. Kimanin kashi 98 cikin ɗari na fotasiyom ɗin da ke jikin mutum yana cikin ƙwayoyin halitta ne, mafi yawa a cikin tsoka, kashi 2 kacal ke waje, a jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin. Wannan ɗan kaɗan na waje shi ake aunawa a ɗakin gwaji, kuma ga mai lafiya yana tsakanin 3,5 da 5,0. A bangon kowace ƙwayar tsoka akwai wasu ƴan famfuna da ba a gani da ido, waɗanda ke fitar da sodiyom uku su shigar da fotasiyom biyu a kowane zagaye. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano su a 1957, aka ba shi lambar Nobel a kansu a 1997. Bambancin da famfunan nan ke tsarewa tsakanin ciki da waje shi ne ke bai wa tsoka ɗan ƙarfin lantarkin da take buƙata domin ta amsa kiran jijiya. Sinadarin tiroyid idan ya yi yawa yana ƙara yawan famfunan, yana kuma ƙara musu kuzari. Akwai wasu sinadarai biyu da su ma ke zuga su: insulin, wanda jiki ke saki bayan an ci abinci mai sitaci ko sukari, da adiranalin, wanda ke tashi a lokacin aiki mai nauyi, tsoro, ko ɓacin rai. Idan ukun suka haɗu a dare ɗaya, sai famfunan su kwashe fotasiyom ɗin jini su cusa shi cikin tsoka a cikin ƴan sa'o'i. Na waje ya faɗi zuwa 2,1 kamar na ƙanenka, a wasu ma har ƙasa da 2, tsarin lantarkin tsokar ya rikice, jijiya ta kawo saƙo daga ƙwaƙwalwa tsoka ta kasa amsawa.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne fotasiyom ɗin bai fita daga jikinsa ba. Bai zubar da shi ta fitsari ba, bai zubar da shi ta zawo ba, wuri kawai ya sauya. Kamar hatsi ne da aka kwashe daga tsakar gida aka zuba a rumbu: mai leƙo tsakar gida zai ce babu hatsi a gidan nan, alhali rumbu a cike yake, kuma idan aka yi gaggawar sayo buhuna daga kasuwa aka jibge, sa'ar da aka buɗe rumbun sai wurin ya kasa ɗauka. Wannan ne ya sa ƙanenka ke miƙewa da kansa kafin la'asar, domin idan ƙarfin insulin da adiranalin ya lafa, fotasiyom na komawa jini a hankali. Faɗuwa ɗaya takan ɗauki sa'o'i kaɗan, wani lokaci ta kai kwana biyu ko uku. Wannan warkewa ta kai da kai ita ce ke ƙarfafa zancen iska da jifa a gidajenmu, domin duk abin da aka yi masa da hantsi, ko hayaƙi ne, ko rubutu, ko tausa, shi za a ce ya tashe shi da yamma. Ban hana addu'a ba, kuma ba zan hana ba, amma a yi ta a kan hanyar asibiti da bakin gadon asibiti.

Za ka iya tambaya me ya sa ba duk mai wannan ciwon tiroyid ke faɗuwa ba. Ciwon Basedow ya fi kama mata nesa ba kusa ba, amma mutuwar ƙafar da ke tare da shi kusan ta maza ce zalla, kimanin namiji 20 a kan mace ɗaya, yawancinsu kuma tsakanin shekara 20 da 40. Ana ganin yawan tsoka da sinadarin mazakuta suna da hannu a ciki. An fara rubuta labarin wannan ciwo na mutuwar ƙafa a Jamus a 1902, amma an fi saninsa a gabashin Asiya: a Sin da Japan kusan mutum 2 cikin ɗari na masu yawan aikin tiroyid suna samunsa, a Amurka ta Arewa kuwa 1 ko 2 ne cikin dubu. A 2010 masu bincike suka gano wata ƙofa a bangon ƙwayar tsoka, wadda suka sa wa suna Kir2.6, da fotasiyom ke bi ya fito waje. A wani kaso na marasa lafiyar an tarar ƙofar tana da naƙasu tun haihuwa, wato famfo na turawa ciki da ƙarfi, hanyar fita kuma a ƙuntace take. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa ciwon na mutanen Asiya ne, kuma a ganina wannan koyarwa ta cutar da mu, domin an same shi a baƙar fata da Larabawa da Turawa, kuma likitan da bai sa ciwo a ransa ba ba zai nemi gwajinsa ba. Wanda ya auna fotasiyom ɗin ƙanenka sannan ya bi sawu har ya auna tiroyid ya yi aiki mai kyau, ku riƙe shi.

Abubuwan da ke tayar da ciwon duk suna cikin rayuwarmu ta yau da kullum. Mutum ya wuni yana aikin ƙarfi, ko gini, ko noma da damina, ko dako a kasuwa, ko ɗaga ƙarfe irin na samarin unguwa, ya dawo da yunwa ya cika ciki da shinkafa ko taliya ko tuwo, ya bi da fura mai sukari ko lemon kwalba, ya zauna a fada a sha shayi zagaye uku kowanne da sukari cike da cokali, sannan ya kwanta. Ba a tsakiyar aiki ƙafar ke mutuwa ba, a lokacin hutun da ya biyo bayan aiki ne, shi ya sa yawanci tsakanin tsakar dare da asuba abin ke faruwa. An kuma lura ya fi yawa a watannin zafi, mu kuwa a bazarar Afrilu da Mayu zafin Damagaram na haura maki 40, lokacin da kowa ke neman abin sha mai sanyi da zaƙi. Abinci mai gishiri da yawa, giya, zazzaɓi, da tashin hankali su ma suna tayar da shi. Akwai kuma magunguna. Mafi damuna a cikinsu shi ne deksametazon da danginsa, waɗanda masu tallar magani ke sayarwa a faranti ga mai neman ƙiba ko mai ciwon jiki. Saurayin da tiroyid ta ramar, abokai su ba shi shawarar ƙwayar ƙiba, ya sha, ya wayi gari a kwance: wannan hanya ce sananniya zuwa ga faɗuwa. Maganin asma na shaƙa irin salbutamol, da magungunan sa fitsari, da ƙwayoyin rage ƙiba da ake cakuɗawa da sinadarin tiroyid a ɓoye, duk ka tambaye shi a keɓe ko yana shan wani daga ciki, ka kai wa likita kwalin.

Yana da kyau ku san yadda wannan ya bambanta da wasu cututtukan da ke kama da shi, domin ba kowace mutuwar ƙafa ce ta fotasiyom ba, ko da a jikin ƙanenka. A wannan ciwo rauni na kama ɓangarorin biyu tare, ya fi tsanani a cinyoyi da ƙugu, daga nan ya hau kafaɗu da damatsa, mutum na jin taɓawa da tsunkuli daidai, yana riƙe fitsari da bayan gida, bakinsa bai karkace ba, maganarsa a sarari take. Sau da yawa kafin ya faɗi yakan ji cinyoyinsa sun yi nauyi, suna ciwo ko suna ɗaurewa. Shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa gefe ɗaya take kamawa, da karkacewar baki da nauyin harshe. Idan tarin fuka ya ci ƙashin baya ya danne laka, akwai ciwon baya na makonni, da mutuwar ji daga wani wuri zuwa ƙasa, da kasa riƙe fitsari. Akwai ciwon jijiyoyi mai suna Guillain-Barré da ke hawa daga tafin ƙafa zuwa sama cikin kwanaki, ba ya kuma sakin mutum da yamma. Dannau minti kaɗan ne, kuma da an taɓa mutum ya wartsake. Mai amai da gudawa shi ma fotasiyom ɗinsa na faɗuwa har ƙafa ta mutu, amma shi ya zubar da shi ne da gaske, maganinsa kuma dabam ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 kuwa da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a sanar da ma'aikata nan take, saboda binciken shan inna.

Idan abin ya sake faruwa, kada ku jira la'asar. Zuciya ita ma tsoka ce, da fotasiyom take tsara bugunta, kuma zuciyar da tiroyid ta riga ta sa tana gudu sama da 100 a minti, idan fotasiyom ya faɗi a kanta, bugun na iya rikicewa har ta tsaya. Ba kasafai ba, raunin na iya kaiwa ga tsokokin numfashi. Ku ɗauke shi a mota ko adaidaita, kada ku ɗora shi a bayan kabu-kabu domin ba zai iya riƙe kansa ba, ku nufi asibitin da ke da ɗakin gwajin jini da na'urar auna bugun zuciya, wanda a nan garin yana nufin ku wuce babban asibiti kai tsaye. Kada a ba shi lemo, ruwan sukari, zuma ko dabino da niyyar ya samu ƙarfi, domin sukari shi ne ke ƙara tura fotasiyom cikin tsoka. Kada a jiƙa masa kanwa: kanwa gishirin sodiyom ce, ba ta ƙara fotasiyom, tana ma iya ƙara saukar da shi. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga ko gashi da ruwan zafi.

Akwai wani haɗari kuma da ke zuwa daga kyakkyawar niyya. A ƙananan asibitoci da wurin masu allura a gida, abin da aka saba yi wa wanda ya zo ba ƙarfi shi ne a ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari, a zuba bitamin a ciki, wani lokaci a haɗa da allurar deksametazon, ko kuma a zaci zazzaɓin cizon sauro ne a ɗaura kinin, wanda a ruwan sukari ake ba da shi kuma shi kansa yana sa jiki sakin insulin. Ga mafi yawan marasa lafiya ruwan sukari ba ya cutarwa. Ga ƙanenka yana iya mayar da faɗuwa mai sauƙi ta zama mai kisa. Saboda haka duk wanda ya raka shi ya buɗe baki ya faɗa wa majo ko likitan da ke aiki, tun kafin a huda jijiya, cewa wannan mai yawan aikin tiroyid ne, fotasiyom ɗinsa na faɗuwa, an hana shi ruwa mai sukari. Faɗin haka ba raini ba ne ga ma'aikaci, taimaka masa ne.

A asibiti ana ba da fotasiyom a lokacin faɗuwar, kuma yana da amfani. Wani bincike da aka yi a Taiwan ya nuna waɗanda aka ba su sun miƙe cikin kimanin awa 6, waɗanda ba a ba su ba sai bayan kimanin awa 13. Amma ana ba da shi ne kaɗan-kaɗan, bai wuce milimol 10 (ma'aunin da likitoci ke auna shi da shi) a awa ɗaya ba, a cikin ruwan da ba shi da sukari ko ta baki, ana sake auna jini a kai a kai, ana kuma tsayawa da zarar ƙarfi ya fara dawowa. Dalili shi ne wanda na faɗa a baya: wanda ya ɓuya a tsoka zai fito ya haɗu da wanda aka ƙara. Kimanin 4 cikin 10 na waɗanda aka yi wa ƙarin, fotasiyom ɗinsu kan haura sama da iyaka bayan sun warware, kuma yawansa na tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Shi ya sa idan ka ga likita na jan ƙafa wajen ƙara masa, ba rowa yake yi ba. Akwai kuma magani mai suna propranolol, wanda ke toshe tasirin adiranalin a kan famfunan nan, ya rage gudun zuciya, ya bar fotasiyom ya komo jini ba tare da an ƙara na waje da yawa ba. Magani ne mai araha kuma sananne, sai dai ba a ba mai asma, ana kuma taka tsantsan da shi ga mai raunin zuciya.

Daga nan ka ga amsar tambayarka ta sayen fotasiyom. Kada ku saya. A ranakun da yake lafiya fotasiyom ɗin jininsa daidai yake, shan ƙwayar kullum ba ya hana faɗuwa ta gaba, yana kuma iya cutar da shi. Ayaba, wake, zogale, tumatir da gyaɗa abinci ne masu kyau, ya ci su a matsayin abinci, amma ba su ne maganin wannan ciwo ba, kuma kuɗin da za ku kashe a kan tulin ayaba gara ku tara su domin gwajin jini.

Maganin gaskiya yana wuya. Hanya ta farko ita ce ƙwayar da ke hana tiroyid sarrafa sinadari, karbimazol, wadda a farmasi za ku fi samu da sunan Néo-Mercazole. Ba ta aiki dare ɗaya, domin sinadarin da ya riga ya taru a tiroyid da jini sai ya ƙare a hankali, shi ya sa akan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin gwaji ya daidaita. Waɗannan makonni da watannin farko su ne lokacin da faɗuwa ta fi dawowa, kuma a cikinsu ne propranolol ke tsare shi. Ana shan karbimazol wata 12 zuwa 18, ana auna T4 da TSH lokaci zuwa lokaci ana gyara adadi. Babban abin da ke kayar da marasa lafiyarmu shi ne bayan wata uku jiki ya murmure, rawar hannu ta tsaya, ƙafa ta daina mutuwa, sai a ce an warke a ajiye ordinansi. Tiroyid ta sake tashi, faɗuwa ta dawo. Gargaɗi ɗaya kuma da nake so kai da shi ku haddace: idan yana shan karbimazol ya yi zazzaɓi tare da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da ƙwayar a ranar, ya je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa. A mutum kaɗan, ƙasa da 1 cikin ɗari, maganin na kashe waɗannan ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, kuma a wurinmu da ake ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na sauro, ana iya ɓata kwanaki masu tsada. Haka nan idan idanunsa suka yi ruwan ɗorawa ko fitsarinsa ya yi duhu, a koma wurin likita saboda hanta.

Ko an cika watannin daidai, kusan rabin masu ciwon Basedow ciwon kan dawo musu bayan an tsayar da ƙwaya. Ga wanda bai taɓa faɗuwa ba ana iya jira a gani. Ga wanda ƙafarsa ta riga ta mutu sau uku, ra'ayina shi ne ku tattauna da likitansa tun yanzu a kan magani na dindindin, wato ko tiyata a cire tiroyid, ko a sha iyod mai haske na musamman da ke ƙone ta daga ciki. Sashen likitancin da ke aiki da irin waɗannan sinadarai a ƙasarmu yana Yamai, a cibiyar da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan, saboda haka magana ce ta shiri da tanadi. Ga mai irin halinsa, akan fara kwantar da tiroyid da ƙwaya kafin a yi ɗaya daga cikin biyun. Bayansu kuma mafi yawan mutane na komawa shan ƙwayar sinadarin tiroyid guda ɗaya kowace safiya har tsawon rai, a adadin da gwaji ya nuna, domin idan ita ma ta yi yawa faɗuwar na iya dawowa.

Game da aiki, ba na ganin hikima ya hau bene ko tsani yana ɗaukar kaya kafin gwajinsa ya daidaita. Ya nemi aiki mai sauƙi a wurin ginin na wata biyu ko uku, ku ƴan'uwa ku tallafa masa a wannan tsakani, domin yawancin samari ba don rashin jin magana suke komawa aikin ƙarfi ba, don cefane ne. Ya raba abincinsa ƙanana sau huɗu ko biyar a yini maimakon ya tara yunwa ya cika ciki da dare, ya haɗa tuwo ko shinkafa da wake, ganye, nama ko ƙwai, ya bar lemon kwalba, ya rage sukarin shayi da na fura sosai, kuma kada ya kwana shi kaɗai a ɗakin da ba mai jin kiransa. Idan ya ji cinyoyinsa sun fara nauyi da dare, ya tashi wani tun a lokacin. Gishiri mai iyod da ake girki da shi a gida kada a daina saye saboda shi, domin yara da mata masu ciki na buƙatarsa.

Azumi kuwa, haɗarinsa ga mai wannan ciwo ba a yinin yake ba kamar yadda yake a buɗa baki: dabino, kunu mai sukari, lemo mai sanyi, sannan abinci mai nauyi a cikin awa ɗaya, bayan an wuni ana aiki a rana, shi ne ainihin haɗin da ke tayar da insulin. Idan watan ya kama kafin tiroyid ɗinsa ta daidaita, shawarata ta likita ita ce ya ajiye, addini ya yi wa mara lafiya rangwamen ramawa, malamai kuma za su yi muku bayanin hukuncin. Idan gwaji ya daidaita na wasu watanni kuma likitansa ya amince, zai iya yi, ya buɗa baki da ruwa da abinci kaɗan, ya jinkirta sauran zuwa bayan isha'i, a kuma tsara masa lokutan shan magani tsakanin magariba da sahur.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa. Matsalar tiroyid takan bi dangi, saboda haka idan wata ƴar'uwarku na fama da rama, faɗuwar gaba da rashin jure zafi, a auna ta, amma ita mutuwar ƙafar ba kasafai ake samunta a mutum biyu a gida ɗaya ba. Ku roƙi likitansa ya rubuta masa ƴar takarda da Faransanci, mai ɗauke da sunan ciwon, da magungunan da yake sha, da gargaɗin kada a ɗaura masa ruwa mai sukari ko a yi masa allurar deksametazon kafin a auna fotasiyom. Ya riƙa yawo da ita a aljihu tare da katin shaidarsa, ku ɗauki hotonta a wayarsa da taka, kuma idan aiki ya kai shi Mirya, Magarya, Tanut ko ƙetaren iyaka, ya nuna wa wanda suke kwana ɗaki ɗaya inda take tun daren farko.